Maƙabartar da Baffa Ya Noma

Shekarar da aka ce za a yanka gonakin bayan garinmu a gina rukunin gidaje, can tsakanin Kura da Bunkure, ni aka ɗora wa rubuta takardar koke, don ni ne malamin makaranta. Na zauna na zuba Turanci har shafi uku. Na ce ƙasar nan ita ke ciyar da birni tumatir da albasa, na ce ba a miya da bulo. Manoma suka dangwala yatsa, muka kai ofis, aka karɓa da hannu bibbiyu. Ina kyautata zaton har yau tana ƙarƙashin kofin shayin wani.

Baffana, ƙanin mahaifina, bai dangwala ba. Gonarsa na kan tudu a gefen babbar hanyar ruwa, da inji yake ɗaga mata ruwa, kuma layin masu awo ya haɗiye ta ɗungurungum. Ita ya gada, ita ya sani, bai taɓa wata sana'a ba.

"Malam na boko," in ji shi, "takarda ba ta tsayar da katafila. Ni dai ba mai fitar da ni daga gonar nan."

Damina ce, masara ta yi tsawo ta rufe cikin gonar. Kwana uku yana shiga da garma da buhu, ya hana kowa binsa. Ran na huɗu ya kira ni in ga aiki. Kaburbura bakwai na tarar a jere, an lulluɓe su da ƙaya, har da fasassun tukwanen da ya tsinto a juji. Ba kowa a cikinsu sai ƙasa.

"Baffa, wannan ai babu kyau."

"Ƙwace gonar mutum shi ne da kyau? Nuna mini Musulmin da zai kafa gado a kan mamaci."

Na tsorata, amma ba zan ɓoye ba, ya burge ni. Matsala ɗaya ce. Mai hali ba ya fasa halinsa: Baffa ya shekara arba'in yana jan fangali, wato ƴan gadajen da ake shuka albasa a ba su ruwa, sai hannunsa ya jera kaburburan bin gangaren ruwa, gabas da yamma, ya manta da alƙibla.

Ranar da mutanen kamfanin da zai gina gidajen suka zo dubawa, sun zo tare da mai unguwa da liman. Liman ya daɗe yana kallon kaburburan, sannan ya matso kusa da Baffa ya rage murya.

"Malam, waɗannan bayin Allah ina suka fuskanta?"

"Allah gafarta malam, mutanen da ne. Lokacin ilimi bai yawaita ba."

Liman ya yi tari ya kau da kai. Shi kuwa mai unguwa, da babban baƙon ya tambaye shi, bai ko ƙifta ido ba ya ce tun suna yara ake hana su kiwo a nan. Baƙon ya tuɓe takalmi, ya ɗaga hannu ya yi wa mamatan addu'a mai tsawo, muka shafa tare da shi. Ni dai cizon leɓe nake yi don kar dariya ta ƙwace mini. Ya zaro jan biro ya kewaye gonar Baffa a jikin taswira, ya ce wannan a bar ta.

Mako guda Baffa yana tafiya kamar ya ci zaɓe. Ko ina ya gan ni sai ya tambayi lafiyar Turancina.

Da rani ya shigo ya ɗauki garma zai baje kaburburan ya dasa albasa. Kafin ya sara sau uku gari ya taru. Ashe mutane sun saba yin sallama in sun zo wucewa. Wata tsohuwa ta dafa kabari na uku ta ce na kakanta ne, ta gane shi da tsawo. Baffa ya rantse shi ya tara ƙasar da hannunsa, aka ce tsufa ya fara taɓa shi. Mai unguwa ya ja shi gefe, ni ina ji.

"So kake in zama maƙaryaci a gaban baƙi? Kuma ran da ka baje su, washegari katafila ta iso."

"To ranka ya daɗe, in noma gefe-gefe mana."

"Ka taɓa ganin an ba maƙabarta ruwa?"

Haka Baffa ya ceci gonarsa ya kuma rasa ta. Mun yi masa dariya har muka gaji, shi ma daga baya ya riƙa taya mu. Amma kullum da safe sai ya je, ya nome ciyawa, ya gyara ƙaya, ya zauna yana kallon gidaje suna tashi ta kowane gefe, inda da tumatir ne ja wur. Injinsa ya yi tsatsa a zaure. Ya dasa darbejiya a kewaye, don ita ba wanda ya hana shi. Ganinsa a zaune ba garma a hannu ya riƙa cina a rai, har na daina bi ta hanyar.

Bara ya rasu, bayan gajeriyar jinya. Tsohuwar maƙabartar gari ta cika, kuma duk yankin babu sauran fili sai nasa. Ba a ma yi doguwar shawara ba. Muka ɗauke shi muka ratsa tsakanin sababbin katangu har ƙarƙashin darbejiyarsa. Masu haƙa suka fara bin layin bakwai ɗin nan, liman ya tsayar da su, ya juya musu tsinin diga da kansa.

"Wannan na gaske ne," ya ce. "Ku daidaita masa alƙibla."

Ina cikin masu tura ƙasa na tuna maganarsa, cewa ba mai fitar da shi daga gonar nan. Dariya ta taso mini, ban san lokacin da ta zama kuka ba.