Mai Agogo a Bayana

Ni dai tun ranar farko ban yarda da mutumin nan ba. Wane irin aiki ne ƙato ya jawo kujera ya zauna a bayanka da agogo a hannu, kana danna haruffa yana rubutu?

Lokacin shekara goma da ɗoriya ke nan da samun mulkin kai. Na baro Hunkuyi zuwa wani ofis a Zariya, inda aka kawo wata ƙatuwar kwamfuta da ta cinye ɗaki guda, don rajistar manoman Ikara da Makarfi da Kudan masu karɓar takin zamani. Mu takwas aka ɗauka aikin akawu, kowa da allonsa da madannansa, wayoyinmu duk suna shiga cikinta. Wanda ya yi mini hanya yayana ne, ɗan gwaggona daga Nasarawan Doya, kujerarsa na kusa da tawa.

Ba a buɗe rajista ba tukuna sai ga wannan injiniya. Ya ce in riƙa shigar da sunaye kamar manomi na zaune a gabana. Da muka fita cin abinci na tambayi Yaya, ya rage murya ya ce, "Kai, buɗe idonka. Masu sanyin jiki yake nema a sallame su."

Ai kuwa na zage. Ina aika suna, amsa na fitowa, sai in jefa na gaba. Ko ƙuda ban tsaya kora ba.

"Haka kake yi kullum?" in ji injiniya.

"Haka nake, ranka ya daɗe." Ƙarya tsagwaronta.

Bayan kwana uku injiniya ya hana mu zama. Muna tsaye, kujeru takwas ba kowa, amma takarda na ta fitowa daga injin bugawa cike da sunaye. Ya ce wani shiri ya rubuta mai yi wa kwamfutar basaja. Ita tana zaton mu takwas ne ke aiko mata, alhali abin da na danna ake maimaita mata, da tazarar da ya auna tsakanin aike da aike. Na ce a raina, to, ga masu gadon kujerunmu sun iso.

Sai kwamfutar ta fara shaƙewa. Amsar da ke zuwa nan take ta koma sai an jira, daga baya ta tsaya cak. Ya rage akawun bogin zuwa shida, ba ta ɗauka ba. Ya mayar huɗu, ta tafi daidai. Ya rubuta wa manya cewa kujera huɗu ce iyakar ƙarfinta.

Nan na gane. Ashe ba ni yake aunawa ba, ita yake aunawa! Kuma wa ya taɓa ganin dattijo ya taso tun daga Kurmin Kogi ka tare shi da "sunanka?" Sai an yi ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya muka ji da ruwa, sai ya gyara zama, ya tuno gonarsa ta fadama da ta tudu. Tsakanin suna da suna mutum zai iya shan fura. Ni kuwa na ba injiniya akawun da ba ya gaida kowa, ya buga takwas irinsa.

Magana ɗaya ce za ta gyara komai, a sake aunawa. Amma na ce wa ya sani ko tarko ne? In na ce ƙarya na yi, ai da ni za a fara. Sati biyu ina haɗuwa da shi a baranda, ina gaishe shi ina wucewa.

Aka liƙa takardar mutum huɗu da za a riƙe. Sunana ne a sama, na Yaya babu. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka gani ko? Da ba ka ji maganata ba, da tare za mu koma gida."

Da aka buɗe rajista, kwamfutar nan zaman jiranmu take yi wuni guda, mu muna ta gaisawa da manoma. Ko goma muke za ta ɗauke mu.

Yaya ya koma noman rake. Har Allah ya karɓi ransa yana gaya wa mutane inji ne ya kore shi. Duk sallah ina zuwa gaishe shi, ya sa mini albarka, in ce amin.