Hawainiya da Taraktar Kaka

Taubashina Hawainiya bakanike ne, kuma don gudun sharri ba zan ce yana da nawa ba. Amma in ya fara kwance noti da safe, kana iya zuwa ka yi aure ka dawo ka tarar da shi a kai.

Bana mahaifinsa, wato Kawuna, ya rantse: in tsohuwar taraktar kakanmu ba ta tashi kafin ruwan fari ba, 'yan gwangwan zai kira su auna ta a kilo. Hawainiya kuwa a cinyar Kaka ya fara riƙe sitiyarinta. Ya ja ta gareji ya farke injin.

Silinda huɗun injin, wato ramukan da fistin ke kai-komo a ciki, duk sun cinye, sun yi sulɓi. Ya ɗaura duwatsun wasa wuƙa uku a bakin dirila, yana ɗiga mai, yana kaiwa ƙasa yana dawowa, har cikin kowace ya fito da zane mai gicciye kamar saƙar kwando. Kwana tara!

Ya fita sayo ringin fistin ke nan sai Kawu ya leƙo. Ya zura yatsa cikin silinda, ya ji kaushi, ya yi salati. Ya naɗe hannun riga, ya ɗauki samfefa, ya goge ta ukun har yana hango gemunsa a ciki.

Da Hawainiya ya dawo ya ce, "Baba, wa ya taɓa wannan?"

"Gyara maka ɓarna na yi, ja'iri. Ƙarfe sai ka ce kyanwa ta yakushe?"

"Baba, a zanen nan baƙin mai ke maƙalewa. In babu shi, hayaƙi za ta yi ta yi."

"To sake zanawa mana. Hannunka ya karye?"

Matsalar ita ce naman ƙarfen da ya rage bai kai kaurin gashin gira ba. In Hawainiya ya zarce, fistin zai riƙa rawa a ciki, shi ke nan sai kilo. Ga hadari ya fara haɗuwa. Ranar ce kaɗai na ga amfanin nawarsa: sau goma sha biyu ya sauke dirila, yana aunawa bayan kowane ɗaya, gumi har cikin takalmi.

Da aka murza makulli ta yi tari biyu, ta ɗauka, kajin unguwa suka watse.

Kawu ya kara kunne a jikin injin, ya gyaɗa kai.

"Kun ji silindar da ta fi daɗin sauti? Tawa ce."