Fartanyar da Ke Cikin Takardar

Ina gona a Getso ina ɗaurin dawa wayata ta yi ƙara. Matar ƙanena marigayi ce. Ba ta ja gaisuwa kamar yadda ta saba ba.

"Yaya, aikin ya fito. An buga shi a mujallar masana, amma babu sunansa."

"Sunan wa aka sa?"

"Na abokinsa, mutumin Kabo."

Na zauna a kan dami, na daɗe ban tashi ba.

Ƙanena ya rasu shekara ɗaya da rabi kafin wannan rana, yana gab da gama digiri na uku a ilimin kwamfuta. Ya bar mata da 'ya guda. Ni karatuna bai wuce sakandare ba, amma duk hutun da ya zo gida sai na tsare shi ya gaya mini abin da yake yi a birni. Wata rana bayan la'asar, muna ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, ya ce akwai manhajar kwamfuta da ake kira malalaciya. In ka ba ta aiki ba ta yi nan take, sai ta ajiye alkawari, ta ce sai an buƙata. Amfanin haka shi ne ba ta wahala a kan abin da ba za a nema ba. Aibinsa kuma, alkawuran kan taru su yi mata nauyi.

"To kai mene ne naka a ciki?" na ce. "Bulala za ka yi mata?"

Ya yi dariya. "Yaya, in ruwa ya sauka da wuri me za ka shuka?"

"Gero."

"In ya makara fa?"

"Wake."

"Ka ga irin gero ba tabbas, irin wake ma ba tabbas. Amma fartanya, ko ta ina aka bi sai an neme ta. Ita ce za ka kai wa maƙeri tun rani. Aikina ke nan: in gano fartanyar da ke cikin manhaja tun kafin a kunna ta."

Ya ce ba ya bin lissafin dalla-dalla. Tambaya ɗaya yake yi wa kowane sashe: in wannan bai samu ba, aikin duka zai tsaya? In amsar i ce, a yi shi da wuri. In babu tabbas, a bar shi yadda yake. Abin da ya fi alfahari da shi, hanyar tasa takan ce ba ta sani ba, amma ba ta taɓa yin ƙarya.

Ranar da aka raba gadonsa, malamin da ya yi rabon ya bi ta kan gona da shanu da babur. Da aka zo kan littattafan da ya cika da rubutun hannu, sai ya ce wannan ilimi ne, ba a raba shi kamar dukiya, a ba wanda zai amfana. Abokin ƙanena, na Kabo, yana wurin. Tun firamare suke tare, har jami'a, fanninsu ɗaya, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Ya ce a ba shi ya ƙarasa aikin, ya fito da sunan mai shi. Ni na miƙa masa littattafai shida da hannuna, na bar shi ya kwashi abin da ke cikin kwamfutar marigayin. A gidanmu ba a rubuta amana. A gaban dattawa aka faɗa, aka shafa fatiha, muka ɗauka magana ta ƙare.

Da na koma gida daga gona, matar ƙanena ta buɗe takardar a wayarta. Malamar makaranta ce, tana jin Turanci. Ta wuce lissafin da ba mu gane ba, ta tsaya a shafi na biyu ta fassara mini. Gero, wake, fartanya. Ko maƙerin bai cire ba.

Ranar Asabar na hau babur zuwa Kabo, don na ji abokin ƙanena ya zo gida. Ya tarbe ni a zauren mahaifinsa, ya durƙusa, ya tambayi Inna da yara da amfanin gona. Da gaisuwa ta ƙare na ce, "Na ga fartanyarmu a takarda."

Ya sunkuyar da kai. "Yaya, aikin fa bai kai rabi ba. Ni na sha wahalarsa. Kuma na ambace shi a ƙarshe, wurin godiya."

"Godiya aka yi da kai a gaban dattawa?"

"Yaya, suna me zai yi wa mamaci? Addu'a yake buƙata, kuma ina yi masa."

"Ya bar 'ya," na ce. "Ita zai yi wa amfani."

Da na miƙe ya rako ni har bakin babur, yana riƙe mini hula. Nan ya ce, cikin ladabi ƙwarai, ya lura littafi na shida ya ƙare da "duba na bakwai". Ko na san inda yake?

Na san inda yake. Da ƙanena ya zo gida zuwan ƙarshe ya manta shi a ɗakin Inna, ita kuma ta naɗe shi a zane ta sa cikin kwalla, ba ta gaya wa kowa ba sai bayan rabon gado. Na ce masa, "A gaida gida," na tayar da babur.

Inna ba ta san abin da ya faru ba har yau. Takan tambaye ni yaron nan na Kabo, ta ce kwana biyu bai leƙo ba, ta sa masa albarka. Ni da matar ƙanena mun rubuta wa jami'ar wasiƙa, an ce ana dubawa.

Wani lokaci nakan karɓi littafin na bakwai a wurin Inna in buɗe, ko da yake ba na gane komai. Rubutun ya cika shafi goma sha ɗaya, ya tsaya a tsakiyar na goma sha biyu. Ba wanda ya ƙarasa shi.