Makabartar Alayyahu ta Maxine

Ɗakin Maxine Dombrowski yana kallon nawa a gidan tsofaffi na Maple Bend, can ƙarshen garinmu a Wisconsin. Ni na riga ta shigowa. Ranar da ɗanta ya kawo ta ina zaune a bakin ƙofata ina saƙa, sai na ji tana ce masa, "Ajiye akwatin ka tafi, Dennis. In ka tsaya kana min wannan kallon kuka za ka yi, ni kuwa ba ni da hankicin ba ka." Da ya tafi ta juyo ta ƙare min kallo, ta ce, "Ke kuma fa, me ya kawo ki nan?"

Na ce mata ƙugu ne ya karye.

Ta ce, "Ni shanyewar ɓarin jiki. Kin ga na fi ki."

Haka muka zama ƙawaye.

A gonar shanu aka haifi Maxine, kuma ta iya tatsar nono tun kafin ta iya rubuta sunanta. Ta auri Stan, mai kula da makabartar cocin garin. Shi ke yankan ciyawa, shi ke haƙa kabari, shi ke miƙe duwatsun kaburbura idan sanyin hunturu ya karkatar da su. Gidansu yana jikin shingen makabartar. A jikin shingen nan take shanya wanki, kuma a tsakanin kaburburan 'ya'yanta suka koyi hawa keke. Ita kuwa motar 'yan makaranta ta tuƙa har gashinta ya yi fari fat. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san muryarta, domin ba ta taɓa juyowa idan za ta yi tsawa, ta madubi kawai take kallon yaro ya nemi wuri ya zauna. Da Stan ya rasu, a layin da ya zaɓa da kansa aka sa shi, ƙarƙashin wata bishiya da ya shafe shekaru yana tsine wa saiwarta.

Abin da aka fi sanin ta da shi, bayan motar, shi ne abin da take haɗawa duk ƙarshen Oktoba idan bikin Halowin ya zo, wanda ake shigar fatalwa da mayu ana wasa da abubuwan ban tsoro. Miyar dangwale ce ta alayyahu da cuku, mai kauri, irin wadda ake ci da biskit mai gishiri. Kowace mace a garin nan tana yin irinta, amma Maxine kaɗai ke mayar da tata makabarta. Takan shimfiɗe ta a faffaɗar tasar gilashi, koren alayyahun ya zama ciyawa, ta marmasa baƙin burodi ta tuttula shi kamar sababbin kaburbura, ta kafa biskit a kan kowanne ya zama dutsen kabari. Fatalwowi kuma da farin cuku take yanko su, ta sa musu idanu da ɓarɓashin zaitun.

Shekararta ta farko a Maple Bend, a farkon watan Oktoba, muka yi rashin Irene. Ita da mijinta Lowell tare suke zaune a ɗakin da ke ƙarshen barandarmu. Tun da aka dawo daga jana'iza Lowell bai sake fitowa cin abinci ba, sai dai a kai masa ɗaki.

Shugabar gidan, Kendra, matashiya ce mai kirki, ba zan ɓoye wannan ba. Aibinta ɗaya, idan za ta yi mana magana sai ta sunkuyo ta sassauta murya kamar mai lallashin ɗan yaye. Ta tara mu a ɗakin taro bayan abincin rana, ta ce bana za a yi biki kamar kullum, amma saboda halin da ake ciki ba ƙwarangwal, ba fatalwa, ba kabari. Kabewa kawai da ganyayen kaka da ruwan tuffa mai ɗumi.

Maxine ta ɗaga hannunta mai lafiyar. Ta ce, "'Yar nan, wane hali ake ciki?"

Kendra ta ce, "Mama Maxine, kin san mun yi rashi. Kuma a gida irin wannan, bai kamata a riƙa tuna wa mutane wasu abubuwa ba."

"Wasu abubuwa kamar me?"

Kendra ta gyara zaman gilashinta.

Maxine ta ce, "Mutuwa kike nufi? Faɗi sunanta, ba za ta ji ta taho ba. Ta riga ta san hanyar gidan nan."

Floyd Haskins, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke jan tukunyar iskar numfashi duk inda ya je, ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Kendra ta yi murmushin dole, ta ce an gama magana, ta rufe taro.

A hanyar komawa ɗaki Maxine ta ce min, "Verna, ranar Alhamis za ki raka ni kanti."

Na ce, "Kin dai ji abin da yarinyar nan ta ce."

Ta ce, "Na ji. Kunnena bai shanye ba."

Duk Alhamis motar gidan takan kai masu so babban kanti. Maxine ta dogara da keken sayayya tana jan ƙafarta ta hagu, ni ina biye da ita da sandata. Ta ɗauki daskararren alayyahu, da cuku mai laushi, da kirim mai tsami, da tafarnuwa, da albasa, da baƙin burodi. A wajen biskit ta daɗe tana jujjuya kwalaye. Ta ce masu zagaye ba za su yi ba, kuma farare ba za su fito da rubutu ba. Daga ƙarshe ta sami masu duhu, dogaye, masu lanƙwasa a kai.

Ranar bikin, bayan abincin rana, muka shiga ɗan kicin ɗin da ke barandarmu, inda aka yarda mu dafa shayi mu gasa abin da ba ya buƙatar wuta a fili. Alayyahun ya narke tun safe. Aikin da ya fi wuya shi ne matse ruwansa, domin in ba a matse ba miyar takan tsinke. Maxine ta zuba shi a tsumma mai tsabta, ta kama da hannun dama, ta yi ƙoƙarin danne ɗaya gefen da na hagun. Tsumman ya suɓuce. Ta sake kamawa, ya sake suɓucewa, koren ruwa ya gangaro mata har gwiwar hannu. Na miƙa hannu zan karɓa.

Ta ce, "Kar ki karɓe min. Riƙe wancan gefen kawai, ni zan murɗa."

Na riƙe, ta murɗa, har jijiyoyin wuyanta suka tashi. Ta soya albasa da tafarnuwa a ƙaramin kaskon lantarki, ta juye komai a kwano, ni na rungume kwanon ita tana gaurayawa da cokalin katako. Ta ɗanɗana, ta ƙara barkono, ta shimfiɗe a tasa ta tura cikin tanda.

Ƙamshin tafarnuwa ne ya jawo Floyd. Ya tsaya a bakin ƙofa da tukunyarsa, ya tarar Maxine ta cika leda da farin cuku, ta yanke bakinta kaɗan, tana rubutu a kan biskit. Ya matso ya karanta. Sunanta ne.

Ya ce, "Kai, tsohuwar nan ba ki da tsoro. Ina nawa?"

Ta ce, "Kana so?"

"In dai za a yi makabarta a gidan nan, ai ni na fi kowa cancanta. Dubi abin da nake ja."

"To me zan rubuta a ƙasa?"

Ya yi ɗan tunani, ya ce, "Ki sa: jirgi ya iso a makare."

Ta ce, "Biskit ne, tsoho, ba allon tasha ba. Sunanka kawai zai ɗauka."

Floyd ba ya iya riƙe magana. Kafin miyar ta fito daga tanda, ƙofar kicin ta cika da kekunan guragu da sanduna. Kowa yana son nasa. Wata ta ce kar a sa ta kusa da Floyd, minsharinsa ya ishe ta a duniya. Wani ya ce a kafa nasa a gefen da cuku ya fi yawa. Ni ma aka yi min nawa, harafin farko ya karkace, Maxine ta ce daidai yake da ƙuguna.

Da la'asar muka ɗora tasar a kan keken shayi muka tura zuwa ɗakin taro. An ƙawata shi da kabewoyi masu murmushi da ganyen takarda. Maxine ta ture farantin kek gefe, ta sa aka ajiye makabartarta a tsakiyar tebur.

Kendra ta hango daga nesa, ta taho da sauri. Da ta ga sunayen, fuskarta ta canza. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Mama Maxine, wannan ba zai zauna a nan ba. Akwai iyalan mutane da za su zo. Me zan ce wa 'yar Baba Floyd idan ta ga sunan ubanta a kan kabari?"

Floyd ya ce, "Ki ce mata ni na roƙa."

Maxine ta ce, "'Yata, saurara. Kin hana mu gishiri, mun yi shiru. Kin hana mu kyandir, mun yi shiru. Amma wannan abin namu ne. Mu ne a bakin layi, ba ke ba. In mun ga dama mu yi masa kuka, in mun ga dama mu dangwala shi da biskit."

Kendra ba ta yi musu ba. Ta ɗauki tasar da hannu biyu, ta ce, "Ki yi haƙuri," ta fita da ita ta mayar kicin ɗinmu.

Maxine ba ta ɗaga murya ba. Ta dafa tebur ta miƙe, ta kama hanya tana jan ƙafa. Na bi ta. Floyd ya biyo mu, tayoyin tukunyarsa suna ƙara. Ban juya ba, amma ina jin motsin kujeru a bayanmu. Kafin mu kai barandarmu, ɗakin taron ya koma daga kabewoyi sai ma'aikata da wasu 'yan tsofaffi da barci ya ɗauke.

Kicin ɗin ba zai ɗauke mu ba, sai aka jawo keken shayin aka kafa shi a tsakiyar baranda, aka ɗora tasar a kai. Kowa ya nemi kabarinsa ya tumɓuke ya dangwala. Floyd ya cinye nasa, ya ce shi ke nan ya tashi daga matattu, a ba shi na wani. 'Yarsa ta iso a daidai lokacin, ta tsaya turus, sannan ta ciro waya ta ɗauke shi hoto da koren abu a gemu.

Hayaniyar ce ta kai ƙarshen baranda. Ƙofar Lowell ta buɗe, ya fito cikin rigar sanyi da silifas, gemunsa ya tofo. Ya tako a hankali har gaban tasar, ya sunkuya yana karanta biskit ɗin da suka rage. Kendra tana tsaye daga baya, ta dafe ƙirji.

Lowell ya ce, "Babu na Irene."

Maxine ta ce, "Ban yi ba, Lowell. Wannan na masu jira ne."

Ya ce, "Tun da aka binne ta babu wanda ya kira sunanta a gabana. Kowa sai ya ce min, ya ƙarfin hali. Kamar ba a taɓa yin ta ba." Ya nuna ledar cukun. "Da saura?"

Maxine ta miƙa masa ledar da biskit ɗaya. Ta tallafe masa wuyan hannu da nata mai lafiyar, ya rubuta sunan Irene da kansa. Bai kafa shi a cikin miyar ba, kuma bai ci ba. Ya riƙe shi a tafin hannu, aka ba shi kujera ya zauna, ya ba mu labarin shekarar da Irene ta yi shigar mayya ta tsorata limamin cocinsu har ya faɗa cikin shukar fure. Ya yi dariya, ya yi kuka, sannan ya ce a zuba masa miyar a faranti domin yunwa yake ji.

Kada wani ya ɗauka Kendra ta sauko. Washegari ta kira Dennis a waya, shi kuma ya zo ya yi wa uwarsa nasiha, ta saurare shi har ya gama, ta tambaye shi ko ya canza tayoyin motarsa kafin dusar ƙanƙara. Dokar ɗakin taro tana nan har yau, kabewa da ganye. Mu kuma barandarmu tana nan, kuma Kendra ta koyi bin wata hanyar idan ranar bikin ta zo. Floyd bai ga bazara ba, cikin hunturun nan ya rasu. Lowell ya koma wurin 'yarsa a Minnesota, yakan kira mu lokaci zuwa lokaci.

Maxine tana nan da ranta, ƙafar ta ƙara nauyi amma bakin bai rage ba. Rigimar da take yi yanzu a kan taga ce. An sa wa tagogin gidan wani ƙarfe da ke hana su buɗewa sosai, wai kada wani ya faɗo, alhali a ƙasa muke. Jiya da hantsi na leƙa ɗakinta na same ta tsaye a jikin tagar da wuƙar shafa man shanu, tana kwance ƙusa.

Na ce, "Maxine, za su kama ki."

Ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "To shigo ki rufe ƙofar mana, ki zo ki riƙe min labulen nan."