Dillalin Gidajen da Ya Tsufa a Gidan Haya

Shekara da shekaru, kowace safiya bayan addu'ar gida, Baba Rwang yakan goge tsohon babur ɗinsa, ya gangara daga Tudun Wada yana gaisuwa hagu da dama. Dillalin gidaje ne. Bana gwiwa ta ce ya isa haka, ya ajiye aiki, kuma har yau a gidan haya yake kwana. Masu tsokana suna cewa ya samar wa rabin Jos muhalli, ya manta da kansa.

Bai manta ba. Mu 'yan unguwa mun san yadda aka yi.

Lokacin da rikici ya raba garin nan, kowa yana gudu inda nasa suke, farashin gidaje ya faɗi warwas. Abokan sana'arsa suka yi ta wawura a hannun masu gudu. Yau wasunsu otal gare su, kujerar gaba a coci tasu ce, ranar godiyar kaka kuwa su ake tafa wa.

Maƙwabcinsa Malam Ahmadu, mai fataucin shanu, ya same shi, kaya tuni a mota.

"Rwang, sayi gidan nan. Ko nawa ka ba ni na karɓa."

"Ahmadu, ba kai ke sayarwa ba, tsoro ne. Ni ba na ciniki da tsoro. Je ka, zan kula maka da shi."

Matar Baba Rwang, Mama Dina, har da hawaye. "Baban Charles, mu da yara a ɗaki biyu! Shi da bakinsa fa ya roƙe ka."

"Na ji shi," in ji Baba Rwang. "To ranar Lahadi da wane hannu zan karɓi Jibin Ubangiji?"

Kada a ɗauka abin ya zo da sauƙi. Yaran sun girma a matse, Mama Dina ta daɗe tana ajiye masa tuwo fuska a ɗaure, shi ma ya sha wuce ƙofar gidan Malam Ahmadu ransa yana sosuwa. Duk da haka damina ba ta taɓa samun rufin yana yoyo ba, masu ɓalle ƙofofi kuma sun san muryarsa.

Malam Ahmadu bai dawo ba. A Bauchi ya rasu, bayan dukiya ta ƙare. Matarsa Jummare ce ta dawo da marayu, tana tsammanin kango. Ta tsaya a tsakar gida, ta ce, "Baba, ashe muna da wurin kwana?"

Baba Rwang, kai ne dillalin da ya ƙi riba don kada ya sayar da ransa. Ina alfahari da kai, ba na ɓoyewa. Mun gode, Ubangiji ya ƙara wa gwiwar nan ƙarfi.

Ku kuma matasa masu hanƙoron yin arziki, duk ranar da kaya ya zo muku da araha, ku dubi fuskar mai sayarwa tukuna.