Rufin Siton da Ya Rufta da Yayana

Yayana ɗan kwana-kwana ne a Tambuwal, ni kuwa ina da rumfar hatsi a bakin kasuwa. In ya tashi daga aiki yakan biyo wurina, ya zauna kan buhun gero, ya tuɓe takalmansa masu nauyi mu sha fura. Duk ɗakin da ya shiga sai ya ɗaga kai ya dubi sama. Wata rana na tsokane shi a kan haka, sai ya ce, "Ba harshen wuta nika tsoro ba, rufin katakon ga na zamani nika tsoro. Azara in ta ci wuta sai ta yi ƙara, ƙasa ta fara zubowa, ka samu ka fita. Wanga kuwa siraran katakai ne aka harhaɗa da ƙusa, kowane na riƙe da ɗan'uwansa. Wuta na cinsu tsakanin silin da kwano, kai kana ƙasa ba ka gani. Guda ya saki, duk sun saki."

Wata ranar kasuwa bayan azahar, wuta ta kama wani babban sito da ake ajiye dawa. Ko da na iso a guje, motar su Yaya ta riga ni. Hayaƙi na tuƙowa ta ƙarƙashin kwano, amma in ka leƙa ta ƙofa buhuna na jere lafiya lau. Wata mata na birgima a ƙasa, tana cewa mijinta, tsohon da ke gadin wurin, a ciki yake ƙailula. Shugaban 'yan kwana-kwanan ya duba yadda tsakiyar kwanon ta fara lotsawa, ya ce kada kowa ya shiga, a zuba ruwa daga waje.

Na ga Yaya yana ɗaure hularsa. Na kama hannun rigarsa.

"Yaya, kai da bakinka ka gaya mini halin rufin ga."

"Na sani," in ji shi. "In tsohon shina ciki fa? Leƙawa kawai zan yi."

Ya zare hannuna ya shige. Muna jin muryarsa yana kiran "Baba! Baba!" tana nisa. Babu wata ƙara da ta gargaɗe mu. Rufin ya sauko gaba ɗaya, daga wannan bango har wancan, wuta ta yi sama, zafinta ya watsa mu.

Abokan aikinsa suka yi ta janye kwano mai zafi har tafukansu suka sale. Ana cikin haka sai ga tsohon ya ɓullo daga lungun masallaci da buta a hannu, yana tambayar abin da ya faru. Da ya ji, ya dafa bango ya fashe da kuka.

Sai bayan la'asar aka ciro Yaya. Manya suka ce gawar ba ta jira, muka yi masa sutura a Tambuwal. Na kira kawunmu a Kebbe, na roƙe shi kada Inna, mahaifiyarmu, ta ji daga bakin kowa sai nawa.

Da safe na hau babur zuwa Kebbe. Na tarar da ita a tsakar gida tana bakacen gero.

"Lafiya? Mi yak kawo ka da sassafe?"

Na durƙusa na gaya mata duka. Ta saurara, faifan na hannunta.

"Shi tsohon fa?"

"Yana raye, Inna."

"To, alhamdu lillahi," ta ce. Ta yi salati a hankali, sannan ta zauna daɓas a ƙasa. Geron ya zube, kaji suka taru suna tsattsaga, ba wanda ya kore su.