"An Yi Mata Sabis": Kalmar Da Ta Tsayar Da Mu A Hanyar Asibiti

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina jinjina wa masu buɗe cikinsu, yau dai ga nawa. Ba zan kama sunan kowa ba, don babu mugu a cikin labarin.

A lokacin ina aiki a ɗaya daga cikin ma'aikatun tarayya, ina zaune a Karshi, don hayar cikin garin Abuja ba ta masu albashi irina ba ce. Maigidana aiki ya kai shi wata jiha mai nisa, ragamar gida duk tana hannuna, kuma ban taɓa jin ta yi mini nauyi ba. Ni ce babba a ɗakinmu. Ba na makara, ba na mantuwa, har a ofis suna tsokanata da Madam Tsari, ni kuwa ina amsawa da fara'a don na san na ci sunan. Ana cikin haka ciwon ƙoda ya kama Hajiya, mahaifiyata, na je Zariya na ɗauko ta ta dawo wurina. Aka sa mata wankin ƙoda Litinin da Alhamis a wani asibiti a Gwagwalada. Ga wanda bai sani ba, injinan wankin kaɗan ne, masu jira kuwa da yawa, kowa da lokacinsa. In ka makara wani za a ɗora, kuma ba a zalunce ka ba, shi ma ransa yake nema. Ruwan da ƙoda ta kasa fitarwa kuma ba ya jiran kowa, taruwa yake a jiki har ya hau huhu.

Daga Karshi zuwa Gwagwalada a motar haya azaba ce ko ga mai lafiya. Sai ka shiga mota uku, a cusa ku huɗu a baya, ga cunkoson Nyanya. Ranar da na ga Hajiya bayan an yi mata wanki tana tsaye a bakin titi ta dafa kafaɗata, ƙafafunta na rawa, wani kwandasta kuma yana yi mata tsawa ta yi sauri, a ranar na yanke cewa ko me zan sayar sai na yi mota. Sai Allah Ya sa Kawu, ƙanin Hajiya da ke sayar da shadda a kasuwar cikin garin Abuja, zai sauya tasa. 'Yar Kwatano ce, ta yi shekaru a hannunsa, amma fes take kamar ba a hawa. Ya ba ni ita a farashin 'yan gida. Da yake miƙa mini makulli ya ce jiya-jiyan nan aka yi mata sabis, mai kawai zan zuba in taka.

Wata abokiyar aikina ta ce in kai ta a bincika mini ita daga kai har ƙafa. Na yi mata wani kallo. Motar kawuna zan kai a bincika, sai ka ce a hannun dillali na saya? A wajenmu wannan daidai yake da in ce masa ban yarda da shi ba, kuma maganar sai ta kai Zariya kafin in dawo gida. Ban da haka ma, ai ya ce an yi sabis. A fahimtata sabis shi ne abin da likita yake yi wa mutum idan ya je a duba lafiyarsa gaba ɗaya, a auna nan, a taɓa can, a sauya abin da ya gaji. Ban tambayi kowa ba, don ban ma san akwai abin tambaya ba.

Kada mai karatu ya ɗauka sakaci na yi da motar. Wallahi ko jaririya ba ta fi ta samun kulawa ba. Na gaji bakaniken Kawu, wani Bayarabe mai fara'a da ke da gareji wajen Karu. Lokaci bai taɓa wucewa ban kai ta ba. Ranar Asabar zan ajiye masa makulli in ce Oga a yi sabis, in wuce kasuwa. In na dawo zan tarar an wanke inji yana ƙyalli, ya nuno mini tsohon baƙin mai a galan da tsohuwar filta, in yi godiya in tafi raina fari tas. Har tsiya nake yi wa mazan ofishinmu idan motarsu ta mutu a hanya, in ce su zo mace ta koya musu riƙon mota. Hajiya kuwa ta samu sauƙi, tana kishingiɗa a baya da carbinta, mu je mu dawo cikin mutunci.

Ranar wata Litinin ce cikin damina. Tsakanin Alhamis da Litinin tazarar ta fi tsawo, don haka kullum Litinin Hajiya ta fi jin jiki, amma na wannan karon ya fi na kullum. Ƙafafunta sun kumbura, fuskarta ta yi suntum, a zaune ta kwana an tokare ta da matasai. Muka fita da sassafe, muka tsallake Nyanya lafiya, muka ratsa gari muka hau titin filin jirgi. Mun wuce Lugbe ke nan ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ina tsakiyar titi sai na ji wani ɗan ƙas daga gaba, ƙarar ba ta fi ta karyewar tsinke ba, inji ya ɗauke ɗif. Fitilun gaban direba suka kama gaba ɗaya, sitiyari ya yi tauri, burki ya ƙi shiga sai da na tsaya a kansa. Wata tirela ta danno mana hon a baya har cikin ƙirjina. Da salati da sauran gudun da motar ta ɗauko na lallaɓa ta gefen hanya. Na murɗa makulli, sai wani sauti mara nauyi take yi, ta ƙi kamawa.

Na kira bakanike na kara masa waya ya ji sautin. Da Hausarsa ta 'yan Abuja, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, ya ce Madam kada in ƙara murɗawa, taimin bel ne ta tsinke, yau mota ba zai tashi ba. Ban taɓa jin sunan ba a rayuwata. Na kira Kawu, ashe yana Kano saro kaya. Motocin da ake kira ta waya kuwa, su amsa, su ga ruwa da nisan wurin, su soke. Na fito cikin ruwan ina ɗaga mayafi, motoci na wucewa suna watsa mini ruwan titi. Ban ga laifinsu ba. A garin da 'yan wan-cans, masu fashi da sunan motar haya, suka sa kowa tsoron kowa, ni kaina da na ga mace tana ɗaga hannu a wannan wurin ba lallai in tsaya ba. Duk sanda na leƙa ta taga sai in ga numfashin Hajiya ya ƙara gajarta, kafaɗunta na ɗagawa suna sauka. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba, kuma na san lokacinmu na asibiti yana wucewa ina tsaye ina kallo.

A ƙarshe wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya. Wani dattijo ne ɗan Gbagyi, ya kai doya cikin gari zai koma Yangoji. Bai tambaye ni komai ba, da ya ga Hajiya sai ya ce in kama mu ɗaga ta. Muka sa ta a gaba, na matse a gefenta, na bar motata a wurin ko kulle ta ban yi ba. Har ƙofar asibiti ya kai mu, ya ƙi karɓar ko na mai. Kafin mu isa an riga an ɗora wani a injinmu. Ma'aikatan da suka ga halin da take ciki suka wuce da ita ɗakin gaggawa, aka sa mata iskar numfashi, aka ce ruwa ya hau huhu. Sai can da yamma aka samu wani ya sauka daga inji aka ɗora ta. Ta yi kwanaki a kwance, likita kuma ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa zuciyarta ta wahala a wannan jiran.

Da hankalina ya ɗan kwanta sai fushi ya taso. Na tafi garejin, inda janwe ta kai motar, da niyyar in tara wa bakaniken jama'a. Na ce masa ban taɓa tsallake sabis ba, ya aka yi abu ya tsufa har ya tsinke a hannunsa? Ya dube ni da mamaki na gaskiya, ya ce ai sabis na ce, kuma sabis ya yi. A wurinsu sabis shi ne juyen baƙin mai, a sauya filta, a hure ƙura, a wanke inji. Wannan bel ɗin a ɓoye yake bayan murfi, ba shi ne wanda ake gani in an buɗe bonet ba, kwance shi aiki ne daban, kuma ba mai neman a yi sai ranar da ya tsinke. Na ce masa na ji, amma ya san shekarun motar, ya san marar lafiya nake ɗauka, me ya hana shi buɗe baki? Ya ce in sun faɗa sai a ce oga yana neman na cefane ne. Na ce wannan rabin gaskiya ce, gara in zarge shi da kwaɗayi da in tsaya a titi da uwata. Ya sunkuyar da kai ya ba ni haƙuri. Bel ɗin da ya ciro duk ya tsattsage kamar tsohon takalmin roba, kuma da ya tsinke ya lanƙwasa wasu ƙarafa a saman inji, sai da aka kwance kan injin gaba ɗaya.

Hajiya ta roƙe ni kada in faɗa wa Kawu dalilin, ta ce ƙaninta ne, da zuciya ɗaya ya ba ni, zai sa abin a ransa. Ban saba ƙetare maganarta ba, amma wannan karon na ƙetare, kuma ban yi nadama ba, domin sabuwar motarsa ita ma ta hannu ce, ita ke kai 'ya'yansa makaranta. Na same shi a shago na yi masa bayani cikin ladabi. Ya cire hula ya riƙe ta a hannu. Ya ce shekarun da ya yi da motar bai taɓa jin labarin wannan bel ba, shi ma sabis yake cewa a yi, kuma wanda ya sayar masa a Kwatano abin da ya faɗa masa ke nan, an yi mata sabis. Idanunsa suka kawo ruwa, ya ce ashe shi ya kusa kashe yayarsa. Na ce ba shi ba ne, kalma ce muka yi ta miƙa wa juna hannu da hannu, ba wanda ya buɗe ya ga abin da ke cikinta. Washegari ya kai tasa gareji ya tsaya a kanta.

Ban sayar da motar ba, ita nake hawa har yau, kuma ba ta sake yi mini gardama ba. Abin da ya sauya shi ne yanzu ba na ajiye makulli in tafi kasuwa. Kujera nake ja in zauna, in kira kowane abu da sunansa, abin da aka cire kuma a nuna mini shi. Na nemo littafin irin motata a waya na karanta lokacin da kowane abu yake son sauyi. Shawarata ga duk wanda ya sayi motar hannu, ko daga wurin mahaifinsa ne, ya ɗauka ba a taɓa yi mata komai ba. Ya tambaya ko bel gare ta ko sarƙa, in bel ne kuma ba wanda ya san ranar da aka sa shi, a sauya shi tun yana da rai. A duba burki da mansa, da man giya, da batir. A zuba wa lagireto ruwansa na ainihi, a bar na famfo. Taya ma tana da shekarar haihuwa a rubuce a gefenta, kada zanenta ya ruɗe ka. Kai mota a bincika ba zargin mai sayarwa ba ne, sau da yawa shi ma bai san abin da ya miƙa maka ba. In aka ce an yi sabis, ka yi godiya, sannan ka tambaya me da me aka taɓa. Matambayi ba ya ɓata, ni da na ji kunyar tambaya ga inda na tsaya.

Hajiya tana nan da ranta, alhamdulillahi, muna zuwa wankinmu a kan lokaci. Sai dai tun daga ranar ba ta ƙara yin salla a tsaye ba, daga ɗaki zuwa ƙofar gida ma sai ta huta a hanya. Na yarda tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma na san wannan da hannuna zan iya kauce masa. Ku da kuke ɗaukar tsofaffi da marasa lafiya da yara a motocinku, ku tuna su ba su san komai game da inji ba, ku suka yarda da ku suka shiga. Ranar da motar ta mutu, a cikin ruwan nan, lokacin da na buɗe ƙofa jiƙe sharkaf in ga ko tana numfashi, Hajiya ta kamo hannuna, da ƙyar maganar take fita. Na sunkuya na zata wasiyya za ta yi. Ashe haƙuri take ba ni, wai ciwonta ya hana ni zuwa aiki, ga shi kuma ya lalata mini mota.